Gaskiya ko Jita-jita: Wai Yamma Hankali, Gabas Ruhi?

Ɗan ƙanwata da ke ajin farko a jami'a ya zo hutu da takardun darasin falsafa da manɗiƙi, irin wanda ake ɗora wa kowane sabon ɗalibi ko yana so ko ba ya so. A shafi na uku an ja layi a tsakiya an raba duniya gida biyu. Hagu an rubuta Yamma: hankali, hujja, 'yancin mutum a ƙashin kansa, mallake halitta. Dama an rubuta Gabas: ruhi, hasken zuci, biyayya ga jama'a, zaman lafiya da halitta. Yaron ya haddace shi tsaf kamar karatun allo. Na ce masa, to Ibn Sina fa, a wane gida za ka ajiye shi? Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Kawu, ai ba a ba mu shi ba."

Ba malaminsu ne ya ƙirƙiro wannan jadawali ba. Ya daɗe yana yawo a littattafai da laccoci, har mutane suka ɗauka haka Allah Ya halicci duniya. Da na bi shi layi-layi sai na ga akwai ƙamshin gaskiya a wani wurin, amma jita-jitar ta fi yawa.

"Falsafar Yamma a Yamma aka haife ta"

Mu fara da taswira. Birnin Atina, inda Sukurat da Aflatun da Aristotal suka yi zamani, yana gabas da Kano, nesa ma ba kusa ba. Thales, wanda littattafan Turawa ke kira masanin falsafa na farko, mutumin Miletus ne, a gaɓar tekun ƙasar Turkiyya ta yau, wato a nahiyar Asiya. Plotinus daga Masar ya fito. Augustine, wanda Kiristocin Turai suka gina tunaninsu a kansa tsawon ƙarnoni, an haife shi a shekarar 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Shi kuwa Ibn Rushd, wanda ake jefawa cikin Gabas saboda rawaninsa, a Kurɗuba ta Andalus aka haife shi a 1126, ya rasu a Marakish a 1198, kuma garuruwan nan biyu duk suna yamma da Landan. Idan ana nufin inda rana ke faɗuwa, wannan magana jita-jita ce. Idan kuma ana nufin silsilar karatu da ta taso daga Girkawa, to sai a buɗe ƙofa Bagadaza da Bukhara su shigo.

"Mutanen Gabas ba su san hujja ba, sai zuhudu da rufe ido"

Nan ne jadawalin ya fi yin ɓarna, don haka zan ɗan daɗe.

A Indiya akwai wata mazhaba mai suna Nyaya, wadda ba ta da aiki sai bincike a kan yadda ake sanin abu da yadda ake kafa hujja. Misalinsu da ya shahara mai gaɓa biyar ne: ka yi da'awa cewa akwai wuta a kan tsauni, ka kawo dalili cewa ga hayaƙi, ka kawo misali cewa duk inda hayaƙi yake akwai wuta kamar a madafa, ka nuna tsaunin ma haka yake, sannan ka yanke hukunci. Sun kuma lissafa hanyoyi 22 da mai muhawara zai bi a ce an kayar da shi, ciki har da sauya magana a tsakiya da kasa maimaita abin da abokin hamayya ya faɗa. Da za a kafa wannan doka a majalisun hirarmu da tashoshin rediyo, da muhawara da yawa ba ta kai minti biyar ba. Bayansu malaman addinin Buda irin su Dignaga da Dharmakirti suka zo suka ƙara tsefe manɗiƙin, aka yi ƙarnoni ana fafatawa tsakaninsu da 'yan Nyaya.

A Indiyar dai aka yi 'yan Carvaka, waɗanda suka ce babu lahira, babu sake dawowa duniya, babu wata hanyar sani sai abin da gaɓɓai suka riska. A wurinsu hankali yana tasowa ne daga haɗuwar ƙasa da ruwa da wuta da iska, kamar yadda maye ke tasowa daga hatsin da aka jiƙa. Littafinsu na asali ya ɓace, abin da aka sani game da su daga bakin masu yi musu raddi aka samo shi. Ko a Turai ta ƙarni na 18 da wuya ka sami wanda ya fi su bushewar ido.

A ƙasar Sin, Mozi, wanda ya yi zamani kusan lokaci guda da Sukurat, ya ce duk wata magana a auna ta da abin da magabata suka yi, da abin da idanu da kunnuwan jama'a suka shaida, da amfanin da za ta kawo wa talakawa. Da wannan ma'auni ya soki jana'izar almubazzaranci da zaman makoki na shekara uku. Almajiransa na baya sun yi rubutu a kan ma'anar kalmomi da awon siffofi da haske, har sun bayyana yadda hoto ke juyewa kai ƙasa idan haske ya ratsa ta ƙaramar ɓula. Xunzi, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce bikin tsafin neman ruwa da sarakunansu ke yi bai da alaƙa da saukar ruwan, al'ada ce kawai ta haɗa kan jama'a. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Wang Chong, da aka haifa a shekara ta 27 Miladiyya. Ya ce in da kowane mamaci fatalwa yake zama, da yanzu babu masaka tsinke a hanya. Ya kuma tambayi masu cewa sun ga fatalwa sanye da riga: to ita rigar ma rai gare ta?

Sai ka juya ɗaya gidan, gidan hankali. Pythagoras ya yarda rai na ƙaura daga jiki zuwa jiki, ya kuma hana almajiransa cin wake. Sukurat ya ce akwai wata murya da ke tsayar da shi idan zai yi kuskure. Aflatun ya rufe babban littafinsa na siyasa da labarin rayuka suna zaɓen sabuwar rayuwa bayan mutuwa. Descartes, uban falsafar zamani a Turai, ya ba da babban kaso na littafinsa na 1641 wajen tabbatar da samuwar Ubangiji. Newton ya ɓata shekaru yana nazarin ilimin juya ƙarfe zinariya da fassarar wahayin Annabi Daniyel. Hukunci a nan ba shi da wuya: jita-jita ce.

"Gabas abu guda ne"

Wannan shi ne kuɗin goro. A 1786 wani alƙalin Ingila a Kalkata, William Jones, ya nuna cewa Sanskrit, harshen tsofaffin littattafan Indiya, ɗan'uwan Girkanci da Latin ne. Uba a Sanskrit pitar ne, a Girkanci pater. Sinanci kuwa ba shi da dangantaka da ko ɗaya. Ta fuskar harshe, malamin Banaras ya fi kusa da na Atina a kan na Beijin.

Damuwarsu ma ba ɗaya ba ce. Mafi yawan mazhabobin Indiya tambayarsu ita ce yadda rai zai kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa. Kwanfushiyas na Sin kuwa da almajirinsa ya tambaye shi game da mutuwa, sai ya mayar da shi ga rayuwar da bai gama fahimta ba. Abin da ya dame shi yadda za a gyara gida da fada. Da addinin Buda ya shigo Sin wajen ƙarni na 1 Miladiyya, malaman gargajiya sun daɗe suna kallonsa a matsayin baƙon abu mai raba ɗa da iyayensa. A 819 babban marubuci Han Yu ya rubuta wa sarki takarda yana sukar karrama wani ƙashi da aka ce na Buda ne, yana cewa mutumin baƙo ne da bai san harshensu ba, bai kuma san haƙƙin uba a kan ɗa ba. Saura ƙiris sarki ya sa a kashe Han Yu, daga baya aka kore shi zuwa kudu mai nisa. Waɗannan su ne aka cusa a gida ɗaya aka ce ra'ayinsu guda.

"Bature kansa ya sani, ɗan Gabas jama'a ya sani"

A nan akwai rabin gaskiya. Babu shakka koyarwar Kwanfushiyas tana kallon mutum ta hanyar alaƙoƙinsa: ɗa da uba, ƙane da wa, mata da miji, bafade da sarki, aboki da aboki. Kuma wannan koyarwa ta samu gindin zama irin wanda babu wani masanin falsafar Turai da ya samu, domin daga 1313 sharhin Zhu Xi a kan littattafai huɗu na mazhabar shi ne manhajar jarrabawar shiga aikin gwamnati, har zuwa 1905 da aka soke jarrabawar. Kusan shekara 600 ke nan masu neman muƙami suna bi ta wannan ƙofa. Haka nan gaskiya ne cewa tun daga John Locke a ƙarni na 17, falsafar siyasar Turai ta riƙa farawa daga mutum guda da haƙƙinsa, sannan ta tambaya me ya halatta wa hukuma ta mulke shi.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada abin. A 2001 Takahiko Masuda da Richard Nisbett sun nuna wa ɗaliban Jafan da na Amurka hotunan ƙarƙashin ruwa masu motsi. Amurkawa suka fi fara magana a kan babban kifin da ke gaba, Jafanawa suka fi ambaton ruwan da ciyayi da duwatsun da ke kewaye.

Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. A 2014 Thomas Talhelm da abokan aikinsa suka gwada ɗalibai sama da 1,000 a cikin ƙasar Sin kanta, suka ga 'yan yankunan noman shinkafa na kudu sun fi 'yan yankunan alkama na arewa tunanin jama'a. Dalilin da suka kawo shi ne shinkafa na buƙatar raba ruwa da haɗa hannu, alkama kuwa gida ɗaya na iya nome ta. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya zai gane wannan bayani. Dukansu gadon Kwanfushiyas ɗaya suka ci, amma gona ta bambanta su. Wato ko inda aka sami bambancin, ba lallai daga littafin falsafa ya fito ba.

Kuma kowane gida yana da 'yan tawayensa. Aristotal ya ɗauki mutum a matsayin halittar da ba ta cika sai a cikin gari, har ya ce gari ya riga mutum guda a daraja. A Sin kuwa an yi Yang Zhu, wanda Mencius, mabiyin Kwanfushiyas, ya zarge shi da cewa ko gashi ɗaya ba zai cire daga jikinsa don amfanin duniya ba. Zhuangzi da sarkin Chu ya aiko a ba shi muƙami, bai ko ajiye sandar kamun kifinsa ba, ya nuna wa manzannin gara kunkuru mai jan wutsiya a taɓo da wanda aka adana ƙoƙonsa a fada.

Inda bambancin yake da gaske

Kada a ce na share komai. Akwai bambance-bambance na haƙiƙa, sai dai tsakanin Girka da Indiya da Sin suke, kowacce da nata, ba tsakanin gidaje biyu ba.

Girkawa sun kamu da son tambayar mene ne: mene ne adalci, mene ne ilimi, mene ne ke nan daram bayan duk abin da ke sauyawa. Masanin nan A. C. Graham ya lura cewa malaman Sin na dā sun fi tambayar ina hanya take, wato yaya za a yi rayuwa a tsara ƙasa. Shi ya sa kalmar dao, hanya, ta zama cibiyar muhawararsu. Girkawa sun kuma ɗaukaka salon lissafin Iklidis, inda ake farawa daga 'yan ƙa'idoji kaɗan a ciro sauran hukunce-hukunce ɗaya bayan ɗaya. Sinawa suna da lissafi mai zurfi, amma salonsa na warware matsala ne daki-daki, kuma sai a 1607 Matteo Ricci da Xu Guangqi suka fassara kashi shida na farko na littafin Iklidis zuwa Sinanci.

Babban bambanci a ganina shi ne batun Mahalicci. Yahudanci da Kiristanci da Musulunci sun zo da aƙidar Ubangiji ɗaya da Ya halicci duniya daga babu, duniya mai farko da ƙarshe da hisabi. Tsohon tunanin Sin bai ginu a kan wannan ba, ya fi kallon duniya a matsayin abin da ke jujjuyawa tsakanin abubuwa biyu da suke kira yin da yang. Indiya kuma tana lissafa zamani da zagaye masu tsawon gaske. To amma lura da inda wannan layi ya bi: Aristotal ya ce duniya ba ta da farko, Girkawa 'yan mazhabar Stoa sun ce tana ƙonewa ta sake dawowa. Aƙidar halitta daga Gabas ta Tsakiya ta shiga Turai. A kan wannan mas'ala, malamin zauren Zariya da limamin cocin Roma suna gefe guda, Aristotal yana ɗaya gefen.

"Ba su taɓa haɗuwa ba sai zuwan Turawan mulkin mallaka"

Jita-jita. Iskandar na Makidoniya ya isa Indiya a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma marubutan dā sun ce Pyrrho, uban masu shakka na Girka, yana cikin ayarin, ya kuma zauna da masu zuhudun can. A 1958 an gano wani rubutun sarki Ashoka na Indiya a Kandahar ta Afganistan da Girkanci da Aramiyanci. Akwai tsohon littafin Buda da ke ɗauke da muhawara tsakanin sarkin Girkawa Menander da wani malami, Nagasena, wanda ya kwance keken doki gunduwa-gunduwa da baki don ya nuna cewa "ni" suna ne kawai na haɗuwar sassa. David Hume ya kai ga kusan wannan matsaya a 1739.

Al-Biruni ya koyi Sanskrit, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, ya kuma juya littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci. Dara Shikoh, ɗan sarkin da ya gina Taj Mahal, ya sa an fassara kimanin littattafan Upanishad na Indiya 50 zuwa Farisanci a 1657. Daga wannan fassara ta yariman Musulmi aka yi ta Latin a 1801 da 1802, ita ce kuma Schopenhauer na Jamus ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. A 1687 an buga koyarwar Kwanfushiyas da Latin a Faris. Christian Wolff ya yabe ta a wata lacca a jami'ar Halle a 1721, yana cewa Sinawa sun kai ga kyawawan ɗabi'u da hankali kawai. Rikicin da ya biyo baya ya kai ga sarkin Prussia ya ba shi awa 48 ya bar ƙasar a 1723, ko a rataye shi.

To wa ya ja layin Gabas da Yamma? Hannu biyu ne suka ja shi. Tarihin falsafa da Jakob Brucker ya wallafa a shekarun 1740 ya haɗa da Farisawa da Indiyawa da Misrawa. Zuwa ƙarshen wannan ƙarni wasu marubutan Jamus suka fara cewa daga Girka kaɗai abin ya faro, Hegel kuma ya mayar da tunanin Asiya share fage. Sai 'yan Asiya da mulkin mallaka ya danne suka karɓi rabon suka juya shi ya zama abin alfahari: ku ku riƙe injuna, mu ruhi ne namu. Swami Vivekananda, wanda ya yi fice a taron addinai na Shikago a 1893, yana cikin waɗanda suka yayata wannan. A shekarun 1990 Lee Kuan Yew na Singafo da Mahathir na Malesiya suka sake fito da shi da sunan ɗabi'un Asiya, don kare salon mulkinsu, Amartya Sen na Indiya da Kim Dae-jung na Koriya ta Kudu suka yi musu raddi da tarihin Asiyar kanta.

"Imam Gazali ya kashe falsafa a duniyar Musulmi"

Na bar wannan ƙarshe saboda ita ta fi shafar mu. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi a mas'aloli 20 cikin Tahafutul Falasifa, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki. Wannan gaskiya ne. Amma shi ɗin ne ya rubuta littattafai a kan manɗiƙi, ya kuma sa shi a gabatarwar Al-Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi. Bayansa Ibn Rushd ya mayar masa da martani, Fakhruddin Razi ya cika ilimin kalam da mas'alolin Ibn Sina, Mulla Sadra ya kafa tasa mazhabar a Iran a ƙarni na 17. Gawar da ke ta haihuwa haka ba gawa ba ce.

Kuma abin ya iso har gida. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, malamin manɗiƙi ne, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin haramcin wannan fanni, Magili yana kare shi. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi ya san da rabon hukuncin hankali gida uku ake buɗe ta: wajibi, mustahili da ja'izi. A daular Sakkwato, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa da asalin samuwa.

Da na ga yaron ya fara gajiya, sai na tambaye shi ko ya karanta Ahalari a makarantar allo. Ya ce, "Haba Kawu, wa bai karanta ba?" Na ce to mawallafinsa, Abdurrahman Al-Akhdari na Aljeriya, shi ne ya tsara As-Sullamul Munauraƙ yana ɗan shekara 21, littafin manɗiƙin da har yau ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. A kan tsarin Isaguji na Al-Abhari ya gina shi. Ita kuma kalmar Isaguji Girkanci ce, sunan gabatarwar da Porphyry, mutumin Taya ta Labanon, ya rubuta wa manɗiƙin Aristotal a ƙarni na 3 Miladiyya. Mai karatu, in akwai mai Sullam a unguwarku, je ka roƙe shi ya karanta maka babin ƙiyasi, ka riƙe takardar darasin jami'a a ɗaya hannun ka gwada su.